Shafi Biyu Fari Fat: Sharhi Kan Ɗan Littafin Saukar Bana

An yi walimar saukar Alƙur'ani ta Islamiyyar unguwarmu lafiya, an watse lafiya, Allah Ya sa albarka a karatun yaran. An kwashe rumfuna, an mayar da kujerun haya, shinkafa ta daɗe da narkewa. Abin da ya rage a hannun jama'a shi ne ɗan littafin nan da aka raba a bakin ƙofa, wanda wasu ke kira ƙasida, wasu su ce ajanda. Shi ne zai kwana a ƙasan akwati shekara da shekaru, shi ne yarinya za ta ɗauko wata rana ta nuna wa 'ya'yanta. Saboda haka muka ga ya cancanci a zauna a duba shi kamar yadda ake duba kowane littafi, ba wai a yi fifita da shi ranar taro a yar ba.

Bari mu fara da abin da aka yi daidai, don kada a ce mun zo da wuƙa a zare. Bangon ya yi kyau, launinsa bai zuba ba. An rubuta littafin da Hausa, ba da Turancin aro ba, kuma an sa ƙugiya a inda ya kamata: ɗa ya fito ɗa, ƙasa ta fito ƙasa. Duk wanda ya taɓa kai aiki wurin masu buga takardu a Jimeta ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne, don sau da yawa baƙaƙen nan masu lanƙwasa kan rikiɗe su koma akwati ko alamar tambaya. Wanda ya tsaya a kan wannan, Allah Ya saka masa. Ɗinkin tsakiya ma ya kama, mun buɗe mun rufe ba adadi, bai saki ba.

To, sai lissafi. Littafin shafi 32 ne ban da bango, girman rabin takardar A4. Mun ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Shafi na 1 zuwa na 7 hotunan manya ne, kowane mutum da shafinsa sukutum. Na 8 taken ƙasa. Na 9 tsarin taro. Na 10 da na 11 jawabai. Na 12 da na 13 tarihin makaranta. Na 14 zuwa na 17 hotunan ɗalibai maza su 24, shida a kowane shafi, kowa da sunansa a ƙarƙashin hotonsa. Na 18 sunayen ɗalibai mata su 30, an cusa su shafi guda da ƙananan baƙaƙe irin na takardar magani, babu hoto ko ɗaya. Na 19 zuwa na 29 tallace-tallace da saƙonnin taya murna. Na 30 sunayen 'yan kwamiti. Na 31 da na 32 kuwa fari fat, sai 'yan layuka da aka ja, wai don mai son yin rubutu.

A nan ne maganarmu take. Littafin da ya rasa wurin sa fuskokin 'yan mata 30 da suka sauke Alƙur'ani, shi ne kuma ya ƙare da shafi biyu babu komai. Mai karatu zai ce ko dai ganganci ne, ko raini. Mun bi sawu, kuma abin da muka tarar ba mugunta ba ce. Rashin ƙirga ne tun daga farko, sai dai rashin ƙirgan ya tona asirin wa ake jin nauyi, wa ba a ji.

Ga yadda abin yake. Ɗauki takardar A4 guda ka ninka ta biyu. Ka sami shafi 4, ko ka so ko ka ƙi. Littafin da ake ɗinkewa a tsakiya da waya, irin wannan namu, tarin fallaye ne da aka ninka aka zura wani cikin wani. Falle guda shi ke ɗauke da shafi na 1 da na 2 da na 31 da na 32. Na cikinsa ya ɗauki na 3 da na 4 da na 29 da na 30, haka har tsakiya. Don haka adadin shafi dole ya rabu gida huɗu ba saura: 28, 32, 36, 40. Babu littafi mai ɗinkin tsakiya mai shafi 38, kamar yadda babu akuya mai ƙafa uku sai gurguwa. Wannan ba ra'ayin mai maɗaba'a ba ne, halin takarda ne.

Akwai kuma mataki na biyu wanda ya shafi aljihu. Injin buga littafi irin Kord, wanda ƙananan maɗaba'u da yawa a ƙasar nan ke aiki da shi, ba ƙaramar takarda yake ci ba. Babban falle yake ɗauka, girman A2, wanda ke ɗaukar shafi 8 na irin littafinmu a fuska ɗaya, 8 a bayanta, 16 ke nan. Sai an gama bugu a ninka a yanke. Kowace fuska tana buƙatar farantin ƙarfe da aka ɗora hoton shafukan a kansa. Idan baƙi da fari ne, faranti ɗaya ya isa. Idan mai launi ne sai huɗu, don tawada huɗu ake bi da ita ɗaya bayan ɗaya: shuɗi, ja, rawaya da baƙi. Shi ya sa 16 da 32 da 48 suka fi sauƙin kuɗi in an raba kan kowane shafi. Ana iya yin 36 ko 40, amma ƙarin nan sai an yi masa nasa faranti, an sake ɗaura inji dominsa. Takarda kuwa yawanci daga waje take zuwa, tun da masana'antun Jebba da Oku Iboku da Iwopin ba su wadatar da ƙasa ba, sai farashinta ya bi dala. Daga 2023 zuwa yau kowa ya ga inda dala ta kai mu. Sannan a ɗoro ta a mota daga Legas ko Kano har ta tsallako Numan. Ba mu raina wahalar wanda aka damƙa wa kuɗin jama'a ya ce ya fitar da littafi a wannan zamani ba.

Abin da ya faru, kamar yadda wasu daga cikin waɗanda aka yi aikin da su suka shaida mana, kwamiti ya yi ciniki a kan shafi 32 tun da wuri, ya biya kafin alƙalami. Sai aka shiga tara kaya ba tare da kowa yana riƙe da lissafi ba. Mai karɓar talla yana karɓa, mai neman hotunan manya yana nema, mai hoto ya ɗauki ɗalibai duka, maza da mata, iyaye sun biya. Kwana uku kafin walima aka kai komai wurin mai tsara shafi a kwamfuta, ya zuba, sai ga shafi 38. Ya buga waya ya ce ko a ƙara kuɗi a kai 40, ko a rage a koma 32. Kuɗi babu. Cikin dare, ta waya, aka ce a rage tarihi daga shafi 6 zuwa 2, a cire hotunan mata a bar sunaye, daga shafi 5 zuwa 1. An cire 8 ke nan, alhali 6 ake buƙata. Littafi ya koma 30, wanda shi ma ba ya ɗinkuwa. Lokaci ya ƙure, sai aka cike da farin shafi biyu.

Mun je mun sami mai maɗaba'ar. Bai ɓoye komai ba. Ya ce, "Malam, ni abin da aka ce in buga na buga. Da an zo mini mako biyu kafin nan, da mun zauna mun ninka takarda mun ga inda kowa zai zauna." Gaskiyarsa. Amma shi ma ba mu wanke shi tas ba, don wanda ya san hanya shi ke cewa a tsaya in ya ga an nufi rami. Ya ga shafi biyu sun rage, ya kuma san abin da aka cire. Kiran waya ɗaya ne.

Yanzu a duba wannan lissafin, wanda ɗan aji huɗu zai iya. Shafukan maza 4, na mata 1, farare 2, jimla 7. In aka sa hoto 8 a kowane shafi maimakon 6, shafi 7 zai ɗauki 56. Ɗalibai duka 54 ne. Ke nan da kowa ya shiga, mace da namiji, har da rarar gurbi biyu, ba a ƙara ko kwabo ba. Hoton zai ɗan ƙanƙance, i, amma uwa ba ta ɓata fuskar ɗanta don hoto ya yi ƙarami. Haka nan manyan nan bakwai, da an haɗa su a shafi 3, da shafi 4 sun dawo wa tarihi ya cika shidansa. Wato duk abin da aka tara yana iya shiga cikin 32 ɗin nan da aka biya. Ba kuɗi ne ya gaza ba.

Wani abin da ya ƙara ba mu takaici sai da muka lura da launi. Babban falle biyu aka buga, ɗaya mai launi a takarda mai sheƙi, ɗaya baƙi da fari a takarda gama-gari. Da yake zura su ake yi, na waje shi ke ɗauke da shafi na 1 zuwa 8 da kuma na 25 zuwa 32, na ciki ya ɗauki na 9 zuwa 24. Aka ba na waje launi. Sakamakon haka manya sun fito da jar dara da koren rawani, yaran da aka taru dominsu sun fito toka-toka, wasu ma sai an ƙura ido. Fararen shafukan nan biyu kuwa, na 31 da na 32, suna kan takarda mafi tsada a littafin, wadda aka yi wa faranti takwas. Da fallen ciki aka ba launi, kuɗin ɗaya ne, kuma da ɗalibai ne suka haska.

Mun ji ana cewa wai an cire hotunan matan ne saboda kunya da sutura. Da haka ne da ba mu ce uffan ba, don magana ce da malamai ke da ta cewa a kanta, kuma akwai iyayen da da kansu ba sa so. Amma in wannan ne dalili, ai tun kafin a kira mai hoto ake faɗa, ba bayan an karɓi kuɗin iyaye an jera yara cikin hijabi a rana ba. Littafin bara yana nan, da hotunan mata a ciki. Kada a jingina wa addini abin da agogo ya jawo. Wata Hajiya da 'yarta ke cikin masu saukar ta tare ɗaya daga cikinmu a bakin famfo, littafin na hannunta, ta ce, "Ɗana, duba mini, ni idona bai gani, wai ina sunanta?" Sai da aka bi layi da yatsa kafin a samo shi, na 23 a jeri. Ta karɓi kwafi uku da niyyar aika wa dangi a Garwa da Mubi. Ta ce ta fasa.

Sai tarihi, wanda shi ne asarar da ba ta da sauƙin mayarwa. Dattijon da ya rubuta shi, wanda duk unguwa ke kira Baba Malam, yana cikin 'yan ƙalilan da suka rage waɗanda suka ga farkon makarantar a zaure. Mun ga rubutun hannunsa. Ya faro ne daga nesa, yadda Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, yadda fatake Hausawa suka riƙa biyo hanya da tufafi suna komawa da hauren giwa, wasu su zarce Garwa da Ngaundere, wasu su yada zango su zauna. Ya kawo zuwan Turawa a 1901, da yadda Jimeta ta girma a bakin Binuwai saboda jiragen ruwa da ke hawowa da damina. Ya tsaya a kan sunayen unguwanni, Limawa da Alkalawa da Gwadabawa da Yelwa a gefen Luggere da Rumde, yana nuna yadda Hausa da Fulatanci suka zauna kafaɗa da kafaɗa a bakin mutanen gari ɗaya. Daga nan ya gangaro kan makarantar kanta: wa ya ba da fili, su wa suka fara koyarwa ba albashi, yadda aka rufe ta lokacin rikicin 'yan Tatsine na 1984, yadda ambaliyar 2012 ta cinye rajistar ɗalibai ta farko, da yadda aka buɗe ƙofa ga yaran da suka gudo daga Mubi a 2014, waɗanda ƙannensu na cikin masu saukar bana.

Me aka buga? Shafi biyun farko kawai. Wato an bar Modibbo Adama da fatake da Turawa, abin da ke cikin littattafai da yawa, wanda mai so zai samu a littafin Sa'ad Abubakar kan Lamiɓen Fombina da ya fito a 1977. An yar da abin da babu shi a ko'ina sai a kan Baba Malam. Tarihin makaranta ya ƙare kafin a ambaci makaranta. Jimlar ƙarshe a shafi na 13 ma ba ta kai aya ba, an datse ta a tsakiya. Marubutan littattafan soyayya na Kano, da tsadar takarda ta sa suke raba labari kashi na ɗaya da na biyu da na uku, su aƙalla sukan zaɓi inda za su tsaya, su ce wa mai karatu a haɗu a na gaba. Mu ko wannan ladabin ba mu samu ba. In dole sai an rage, ai gyara ake yi, a kai wa mai rubutu a ce Baba, shafi biyu muke da su, wanne za a bari? Ba a tambaye shi ba. A wurin walima ya gani, yana zaune a sahu na uku.

Muna ganin akwai wani tsohon hali da ke bin mu. Mu jikokin masu rubutun warƙa ne. Alƙur'anin hannu da littattafan ajami da kakanninmu suka bari ba a ɗinke suke ba, fallaye ne a cikin gafaka, a ƙasan kowane falle an rubuta kalmar da na gaba zai fara da ita don kada su rikice. Mai rubutu in magana ta ƙaru sai ya jawo wata warƙa. Ba ya tunanin huɗu ko takwas. Da wannan tunanin muke zuwa maɗaba'a: a tara, in ya so a ƙara falle. Inji kuwa bai san haka ba. Abin mamaki shi ne misalin tsara shafi mafi kyau yana hannun yaran da aka yi wa walimar. Mus'hafin Madina da suke hadda da shi shafi 604 ne, layi 15 a kusan kowane shafi, kowane shafi ya ƙare a ƙarshen aya, izu guda ya kama wajen shafi 10. Ba haka kawai ya faɗo ba, zama aka yi aka auna kafin a ɗora alƙalami. Kowace yarinya a cikin 30 ɗin nan ta san ayar da ke saman shafi da wadda ke ƙasansa. Su aka kawo wa littafin da ba a ƙirga ba.

Game da talla ba za mu tsawaita ba. Shafi 11 cikin 32 ya yi yawa a ido, amma su suka biya kuɗin bugu, kuma wanda ya sayi cikakken shafi ba a rage masa. Kuskuren shi ne ba a yanke tun farko shafi nawa za a sayar ba. An yi ta karɓa har sai da masu taya murna suka fi waɗanda ake taya yawa. Taken ƙasa kuma, da ya ci shafi guda shi kaɗai, cikin bango na nan fili, can ya kamata ya zauna.

Maganar hotunan manya ita ce kowa ke tsoro, to bari mu taɓa ta da ladabi. Girmama shugabanni al'adarmu ce, ba mu ce a daina ba. Amma cikin bakwai ɗin nan biyu ne suka halarta, sauran wakilai suka turo, kuma muna da yaƙinin babu wanda a cikinsu zai ji haushi don an haɗa hotonsa da na wani a shafi guda saboda a sa 'ya'yan talakawa da suka sauke Littafin Allah. Mu ne muke ɗora musu abin da ba su nema ba. Da aka zo ragewa cikin dare, babu wanda ya kawo shawarar a taɓa shafi na 1 zuwa 7. An duba wanda ba zai buga waya ya yi faɗa ba: tsoho da 'yan mata.

Mu ma a wannan mujalla mun sha faɗawa irin wannan rami, masu karatu sun sha ganin mun cike gurbi da hoton da bai da dalili, ko mun matse wasiƙar wani har ba ta karantuwa. Abin da wuya ta koya mana ba shi da tsada. Kafin a karɓi talla ko ɗaya, a sami takarda 8 na A4, a ninka, a zura su cikin juna, a sa lamba daga 1 zuwa 32, a rubuta da fensir abin da zai zauna a kowane shafi. A fara da waɗanda aka yi taron dominsu, sannan tarihi, sannan tsarin taro. Abin da ya rage shi ne na sayarwa da na gaisuwa, in ya cika ya cika. A gaya wa mai rubutu adadin shafinsa tun kafin ya fara. A sa mutum ɗaya ya riƙe wannan samfurin, kowa ya bi ta hannunsa. Sannan a tambayi mai maɗaba'a waɗanne shafuka ne za su faɗa kan falle mai launi kafin a yanke inda za a sa hotuna.

Na bana kuma bai wuce gyara ba. Hotunan 'yan matan suna nan a kwamfutar mai tsara shafi, mun tambaya, ba a goge ba. Takardar A4 guda in an ninka ta shafi 4 ce, hoto 8 a kowane shafi ya ba da gurbi 32, su kuwa 30 ne. Falle ɗaya tak ke nan ga kowane kwafi, a buga da launi, a raba wa iyaye su zura a tsakiyar littafin, wanda ba ya son hoton 'yarsa ya fito a bar sunanta da manyan baƙaƙe. Muna roƙon kwamiti ya sa wannan a zamansa na gaba, kafin a rufe lissafin kuɗin walima. Shafi huɗun Baba Malam da aka cire kuwa mun je har gida mun roƙa, ya ba mu, bayan ya sa jikansa ya kwafe don kada na hannunsa ya salwanta. Za su fito a wannan mujalla a fitowa ta gaba, daga daidai jimlar da aka datse a shafi na 13.